Mutum Bakwai, Fuska Shida

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma 'yar uwar da kika rubuto cewa kin gano ƙarshen labarin tun shafi na uku, don Allah ki taimaka ki faɗa min, domin ni da abin ya faru a gidanmu har yau ban gama fahimtarsa ba.

*

Kun tuna inda muka tsaya. Na rufe bangon da tamfol, na koma gida, ko shinkafa ban iya haɗiyewa ba.

Ga wanda yau ya shigo, bangon gaban ofishin dagacinmu nake nufi. Shekara ɗari ke nan da dutsen Kelud ya yi aman wutar da ya binne rabin garinmu Sumberjati, a 1919, wadda mu muke kira shekarar toka. Dagaci Harjito, mutumin da in ya riƙe lasifika sai an ɗauke wuta yake ajiyewa, shi ya kawo shawarar a zana fitattun mutane bakwai da aka haifa a garin nan a wannan shekarar. Akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gundumar nan, akwai mai tsaron raga, alƙali, mace mai zanen atamfa, da injiniyan da ya gina mana madatsar ruwa. Na shida kakana ne, Ki Tirto Wiguno (Ki ɗin laƙabin girmamawa ne), dalang, wato mai wasan inuwa da 'yan tsanan fata. Na bakwai kuwa Malam Zainuri, wanda aka ce a nan aka haife shi, amma a garin Karangsono ya yi suna, ya buɗe makaranta, ya kuma yi shekaru yana wa'azi a kan cewa wasan inuwa aikin banza ne.

Ni aka ba aikin zanen, tunda ni ke koyar da zane a makarantar garin. Kuma dagaci ya kafa min sharaɗi, wai tunda sa'o'in juna ne, in zana su duka a matsayin 'yan shekara arba'in, kada wani ya fito saurayi wani ya fito kakan kaka. Wannan sharaɗin ne ya jawo min.

Hoton kakana guda ɗaya ne a duniya, yana da ƙarfinsa, da ɗaurin kai irin na masu wasa da siririn gashin baki. Na Malam Zainuri kuwa tsoho ne tukuf, da rawani, farin gemu da tabarau. Sai na cire masa tabarau, na cike kumatun da suka lotsa, na rage gemun na mayar da shi baƙi, na miƙar da fatar goshi. Da na ja da baya na duba, kakana ne yake kallona da rawani a ka.

Na goge na sake. Na ƙara gogewa na ƙara sakewa. Na ce wa kaina hannuna ne ya saba, tun ina firamare nake zana fuskar kakana. Amma ƙashin fuska ba ya bin son ran mai zane, kuma na san haka.

Ba dagaci nake tsoro ba, ba kuma mutanen gari ba. Babana nake ji. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka ce masa ruwan laka ya tafi da mahaifinsa, a toka ta biyu, ta 1966. Tun daga nan duk yammacin Alhamis sai ya je kabarin da furanni, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Akwatin 'yan tsanan mahaifinsa shi ya gada, da shi ya ciyar da mu. Bara zuciyarsa ta buga sau ɗaya, likita ya ja ni gefe ya ce ta biyu ba ta sallama. Kuma a duk faɗin ƙasar nan babu sunan da Baba ya tsani ji kamar na Malam Zainuri. Ban san me na gani a bangon nan ba, amma na san ba na so Baba ya gani.

Saboda haka ranar Alhamis, ana gobe bikin buɗewa, ina idar da azahar na ɗauki gwangwanayen fenti na nufi ofishin dagaci. Niyyata in faɗaɗa wa malam hanci, in ƙara masa ƙiba, ya zama ko wane ne ma, in dai ba kakana ba.

Ina shan kwana na ga farar mota a ƙofar ofis, na kuma ga tamfol a ƙasa.

Dagaci ne tsaye yana bayani da hannu biyu, a gefensa wata mata mai dogon mayafi ruwan toka, ba ta sauraronsa. Hajiya Muslikah ce, babbar 'yar Malam Zainuri, wadda take riƙe da makarantar 'yan matan da ya bari. Wai ta zo ta duba yadda aka fitar da mahaifinta kafin jama'a su gani. Ta wuce ungozoma, ta wuce mai tsaron raga da sauran ba tare da ta tsaya ba. Da ta iso ƙarshen bango sai ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar.

"Ke ce mai zanen?"

"Ni ce, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Me mahaifina ya yi miki?"

Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri a kan hancin da ban riga na gyara ba, sai na ga inda yatsanta yake nunawa. Ba mai rawanin take nunawa ba. Kakana take nunawa.

"Wa ya ce ki ɗaura masa ɗankwalin 'yan wasa? Kuma me ya sa sau biyu?"

Dagaci ya yi 'yar dariya ya ce Hajiya ta yi kuskure, wannan Ki Tirto ne, kakan Malama Narti, na kusa da shi ne nata. Ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce ranka ya daɗe, shekarunta sun haura hamsin, ba yau za a fara nuna mata ubanta ba. Tana ƙarama gemunsa baƙi ne, ta san wannan girar ta hagu da ta ɗage sama, ta san wannan haɓar. Ta ce in raini ne a fito a faɗa mata, sai ta kwashe sunan mahaifinta ta koma da shi gida.

Dagaci ya matsa baya ya fara ƙirga da yatsa. Ya ƙirga sunayen da ke ƙasa, bakwai. Ya ƙirga fuskoki, ya tsaya a shida, ya koma farko. Sai ya share gumi ya ce ai 'ya'yan shekarar toka duk kama suke yi da juna, rogo ɗaya iyayensu suka ci a gudun hijira. Muka ɗaga kai mu uku muka dubi ungozoma mai zagayayyar fuska, muka dubi mai tsaron raga mai fuska kamar ta doki. Dagaci bai ƙara cewa komai a kan rogo ba.

Na ce laifina ne, hannuna ne ya zame, su ba ni zuwa la'asar. Na durƙusa na buɗe gwangwani, fenti ya zuba a siket ɗina. Ina cikin motsawa na ji ƙararrawar keke a bayana, kuma a garin nan keke ɗaya ne yake da wannan shaƙaƙƙiyar ƙararrawa.

Baba ne, da kwandon furanninsa a rataye, zai wuce maƙabarta ya ga taro ya ratse. Na tashi da gudu na tare shi, na ce ba a buɗe ba tukuna, gobe ne, rana ta yi zafi, ya sha maganinsa kuwa?

"Ni da ubana sai na jira lasifikar Harjito?" Ya jingine keken. "Matsa, Narti."

Suka gaisa da Hajiya. Ya tambayi makaranta, ta tambayi jiki, ya yi wa mahaifinta addu'ar rahama, ta yi wa nasa, kowa kansa a sunkuye, murya kamar zuma. A wurinmu in ka ji gaisuwa ta yi zaƙi haka, nemi inda za ka raɓe. Dagaci ma ya sani, don ya koma bayan tukunyar fure.

Baba ya tsaya gaban mahaifinsa. Na ga fuskarsa ta saki, har ya ɗan yi murmushi, ya ce na kama girar. Daga nan idonsa ya zame gefe. Ya daɗe a nan. Ni kuwa ƙirjinsa nake kallo.

"Narti."

"Na'am, Baba."

"Fenti ne ya ƙare miki ko basira?"

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Ya ɗauka lalaci ne. Na ce basira ce, Baba, yanzu zan gyara.

"Duk duniya ba ki sami wanda za ki ara wa fuskar ubana ba sai mutumin da ya kore ni kamar kare?"

Hajiya ta ce, "Ara? Dattijo, gyara maganarka. Fuskar mahaifina aka ɗauka aka ba mai wasa da fatu."

Zumar ta ƙare daga nan. Baba ya ce duka biyun ubansa ne, ɗaya da rawanin sata. Hajiya ta ce duka biyun nata ne, ɗaya da ɗankwalin cin mutunci. Kowa na nuna gira ɗaya, haɓa ɗaya, yana kawo su a matsayin hujja. Ni ina tsakiya da buroshi, ban san wanda zan ba haƙuri ba. Abu guda kawai suka yarda a kai, shi ne ni ce mara kunya.

Sai Baba ya tono tsohon ciwo. Mu a gida mun ji labarin har mun haddace. Yana saurayi aka yi masa gayyata ta farko mai tsoka, bikin aure a Karangsono. Ya kafa farin ƙyallen da inuwar 'yan tsana ke fitowa a kai, makaɗa sun zauna, an fara raba shayi, sai ga Malam Zainuri da ɗalibansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a kwashe kayan nan a fitar masa da su daga gari kafin magariba. Baba ya ɗora akwati a kan amalanken shanu ya dawo gida, yara na bin sa suna dariya, kuma ya shekara biyu ba wanda ya ƙara gayyatarsa ta wannan yankin.

Hajiya ta ce mahaifinta addini ya kare, ba mutum ya ci wa fuska ba. Ta ce mutum ne da in aka fara kiɗa a unguwa, da kansa yake tashi ya rufe tagogi, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ta ce ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin ya juya kai wajen ganga ba, yanzu kuma a wayi gari a jera shi kafaɗa da kafaɗa da mai ita.

Baba ya buɗe baki zai rama, numfashi ya ƙi. Ya dafe ƙirji. Na jefar da buroshi na kama shi na zaunar a kan bencin katakon ƙofar ofis, dagaci ya ruga neman ruwa ya dawo da kofi babu komai a ciki. Baba ya ture hannuna ya ce bai mutu ba. Ya zare silifa, ya naɗe ƙafar dama a kan cinyar hagu kamar yadda yake zama a bayan ƙyalle, gefen ƙafar ya fara dukan hannun bencin. Haka yake yi in ransa ya ɓaci, shi kansa ba ya sani. Tak, tak, tak, sai shiru, sai tak.

Hajiya tana tsakiyar magana a kan darajar malamai. Maganar ta tsinke a bakinta.

"Daina."

Baba ya dube ta.

"Na ce ka daina wannan. Wa ya ba ka shi?"

"Wa ya ba ni me, Hajiya? Ƙafata?"

Ta matso. Muryarta ta sauka, duk faɗan ya fita daga cikinta. Ta ce haka mahaifinta yake yi a ƙarƙashin teburin karatu, ƙafa a naɗe, yana dukan katako. Duk wanda ya yi karatu a gabansa ya san ma'anar. Uku a jere sannan ɗaya, kowa ya rufe littafi. Ɗaya-ɗaya a hankali, a rage murya, malam zai yi bayani.

Baba ya ce, kamar da bango yake magana, "Uku da ɗaya, makaɗa su tsaya. Ɗaya-ɗaya, su sassauta, dalang zai yi magana." Ya dubi ƙafarsa. "Kowane gidan wasa da irin bugunsa. Wannan na gidanmu ne."

Dagaci ya ce ƙila malam ya taɓa leƙa wasa yana yaro, ai kunnen yaro ba ya mantuwa. Hajiya ƙafar Baba take kallo, ni kuma ita nake kallo, ina addu'a a raina ta tuna tana da wani uzuri a gida.

Ta ce, "Wannan ramin da ke tsakanin babban yatsanka da na kusa da shi."

"Me ya yi?"

"Yana da shi. A ƙafar dama. Fatar wurin ta yi kanta, mai tauri kamar ƙaho. Ni nake shafa masa man kwakwa duk dare. Ya ce haka aka haife shi."

"Ba a haihuwar mutum da shi," in ji Baba.

Ban buƙaci a yi min bayani ba, a gidan na tashi. Dalang hannayensa biyu suna riƙe da 'yan tsana, saboda haka da ƙafa yake ba makaɗa umarni. Yana maƙale 'yar gudumar tagulla tsakanin yatsun ƙafar dama, yana dukan farantan ƙarfe da ke rataye a jikin akwati, daga isha har asuba. Sai mutum ya yi shekaru masu yawa yana haka yatsun suke buɗewa su ƙi komawa. Manomi ba ya da shi, malami ba ya da shi.

Na ce Baba mu tafi gida, furanni za su bushe. Bai ko ji ni ba. Ya tambayi Hajiya mene ne sunan mahaifinta kafin ya zama Zainuri.

Kar tambayar ta ba ku mamaki. Mu nan mutum yana iya cinye suna uku ko huɗu kafin ya mutu. Akwai na yarinta, in yaro ya cika ciwo a ce sunan ya yi masa nauyi a sauya, in ya yi aure ya ɗauki na manya, in ya dawo daga Makka ya ƙara wani. Abin da ake buƙata kawai a dama kunu ja da fari a raba wa maƙwabta, shi ke nan, tsohon suna ya tafi.

Hajiya ta ce ba ta sani ba. Ya zo Karangsono ne da rigar jikinsa kawai, tsohon malamin garin ya karɓe shi, ya sa masa Zainuri, ya karantar da shi, daga baya ya ba shi 'yarsa, wato mahaifiyarta. Abin da ya faɗa musu shi ne an haife shi a Sumberjati shekarar toka, kuma danginsa duk laka ta cinye. Ba wanda ya ƙara tambaya, don lokacin ne ake bin masu wasa da mawaƙa gida-gida ana tafiya da su ba a dawowa da su, kowa ya koyi kama bakinsa.

Baba ya ce, "Wace shekara ya zo?"

Ta ce, "Toka ta biyu."

Na dubi bango, na dubi Baba, na dubi Hajiya, sai yanzu na lura ita ma girarta ta hagu a ɗage take, na kuma ji haushin kaina da na lura. Dagaci ya ce mutane da yawa sun gudu a shekarar, dubbai, dalang ma ba ɗaya ba ne a ƙasar nan. Na goyi bayansa da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka naɗa shi.

Hajiya ma ta kama wannan igiyar. Ta gyara mayafi ta ce gaskiya ne, kuma mahaifinta ya rantse wa mahaifiyarta bai taɓa aure ba, bai bar ɗa a ko'ina ba, shi kuwa ba ya rantsuwa a banza. Ta ce ko a ciwon ajalinsa, lokacin da hankali ya fara gushewa, bai kira wata mata ba, bai kira wani Sutikno ba. Ta faɗi sunan Baba tana kallonsa. Ta ce suna ɗaya yake ta maimaitawa, na wani ɗalibi ne wataƙila, sun bincika duk tsofaffin ɗalibai ba su same shi ba.

"Gimin. Yana ta cewa, Gimin, ƙara wa fitila mai, inuwa tana mutuwa."

Ta ce wani babban malami ma ya fassara maganar ranar addu'ar bakwai, ya ce fitila imani ce, mai kuma ilimi, mutane suka yi ta kuka.

Na san danginmu kaf, na rai da na ƙasa, ni nake karanta sunayensu duk shekara ranar sadaka. Har dariya ta kusa kuɓuce min.

Na ce, "To kun gani? Mu babu Gimin a gidanmu. Ko a maƙwabta babu. Baba, tashi mu tafi."

Bai tashi ba. Ƙafar ta daina bugu. Yana kallon ƙasa tsakanin silifansa, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda aka tasa daga barci bai gane ɗakin ba.

"Baba?"

"Ni ne Gimin."

Na ce a'a, Baba, kai Sutikno ne, kamar shi ne bai sani ba.

A hankali ya yi bayanin, yana tsayawa yana neman numfashi. Bayan ruwan laka ya kwanta zazzaɓi har aka cire rai. Mahaifiyarsa ta ce sunan ne, ta dama kunu ja da fari, ta ce daga yau kada wanda ya ƙara kiran Gimin a gidan nan, ko da wasa. Ba a ƙara ba, har shi ma ya bar tunawa. Ya ce lokacin ba a sa wutar lantarki a wasa, fitilar mai ake ratayewa a saman kan dalang. Aikinsa ke nan tun yana ɗan shekara bakwai, ya zauna a bayan mahaifinsa da kwalbar man kwakwa, in ya fara gyangyaɗi a zungure shi da gwiwar hannu a faɗa masa wannan maganar, kalma da kalma.

Hajiya ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin ba tare da ta duba ko da ƙura ba. Tana ta cewa ya rantse, ya rantse mata, Inna lillahi, ya rantse. Tausayinta ya kama ni, matar da ɗazu nake jin kamar in watsa mata fenti. Amma tausayin Baba ya fi. Na riƙe hannunsa, sanyi ƙalau.

"Ya dafa akwatin," in ji Baba.

Ban gane ba. Na tambaye shi wane akwati.

"Ranar da ya kore ni. Kullum ina ba ku labarin, ban taɓa faɗin wannan ba, don ban ɗauke shi komai ba. Kafin ya yi magana ya zagayo bayan ƙyalle, ya ɗora hannu a kan murfin akwatin, daidai inda ya tsage, ya bi tsagar da yatsa. Na ɗauka ƙyama ce." Ya dube ni. "Akwatinsa ne, Narti. Ya san kayansa. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce a fitar masa da ni daga gari."

Wata mai tallan soyayyar ayaba ta tsaya a bakin titi tana kallonmu, dagaci ya kore ta da hannu.

Na lalubo ƙwayar maganin daga aljihun rigarsa na sa masa a baki. Ya haɗiye ba ruwa. Na fara kawo duk abin da ya zo min, na ce ƙila tsoro ne, ƙila ana nemansa ne, ƙila korar ma kariya ce, ƙila duk wannan ba haka ba ne, ni ce na zana abin da babu. Ina magana ina jin yadda maganar ba ta da ƙafa. Baba ya bar ni na gama.

Ya ce ranar da aka kawo gawar a naɗe take da tabarma, laka har ta bushe a jiki. Mahaifiyarsa ce ta ɗaga gefe ta leƙa, ita kaɗai, ta sauke ta ce shi ne. Da ya matso zai duba ta rufe masa ido da tafin hannunta, ta ce yaro ba ya kallon irin wannan. Ita ma ta rasu da daɗewa, tana kwance kusa da kabarin, wurin da ta zaɓa da bakinta.

"To wa ke ciki?" Ya juyo gare ni kamar ni ce babba. "Shekara hamsin da wani abu ina durƙusa wa mutum, ina ba shi labarin aurena, na kai masa ke ranar sunanki. Wa na kai wa?"

Ya zura silifa, ya dafa bencin ya miƙe, ya ɗan yi tangaɗi. Dagaci ya tare gabansa yana ranka ya daɗe, Ki Sutikno, a bari a yi biki gobe lafiya, gwamnan gunduma zai zo, sai a zauna da malamai a duba. Baba ya kewaye shi kamar turke. Bai ɗauki keken ba. Ya kama hanyar maƙabarta a ƙasa.

Hajiya ta miƙe, mayafinta ya zame ba ta gyara ba.

"Yaya, tsaya."

Ya tsaya, amma bai juyo ba.

"Kar ki kira ni haka tukuna, Hajiya. Sai na ga yatsun ƙafar wanda ke ƙasa."

Sannan ya ɗaga murya kaɗan, irin yadda yake aikena kanti tun ina yarinya.

"Narti, je gida ki ɗauko min fartanya."